Takarda Biyu a Allon Sanarwa

A farkon kowace shekarar karatu, wani malamin motsa jiki a ɗaya daga cikin manyan makarantun Daura yakan liƙa takarda biyu a allon sanarwa, ta maza da ta mata, domin masu son shiga ƙungiyar ƙwallon hannu. Ta maza kan cika kafin la'asar. Ta mata ma ba ta kwana fayau: bara sunaye 14 ya samu, ninki biyu na bakwai ɗin da wasan ke buƙata a fili. Wasu 'yan cikin gari ne, wasu daga Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa.

Lissafi ya sauya ranar da gayyatar gasa ta iso daga Katsina. Namiji a ba shi kuɗin mota da na abinci, ya shimfiɗa tabarma a aji, shi ke nan. Ɗaliba kuwa sai mahaifinta ya yarda, ko mijinta in tana da aure, kuma ba mai yarda sai ya ji wace malama za ta raka su, ina za su kwana, wane kaya za su sa. Tambayoyi ne na gaskiya, duk uba nagari zai yi su. Sai dai kowace amsa kuɗi ce: alawus ɗin malama, masauki mai ƙofa da makulli, dogon wando da riga mai dogon hannu da sai tela ya ɗinka. Ga hayar bas, wadda ta yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Akanta bai ɓoye masa ba. “Malam, abin da ke ƙasa na ƙungiya ɗaya ne. Sai ka zaɓa.”

Ya zaɓi maza, domin su ne kuɗin zai kai ya dawo da su. Babu zaman da aka yi aka soke ƙungiyar mata, babu takardar da aka sa wa hannu. Sun ci gaba da atisaye na ɗan lokaci, suka ragu zuwa biyar, daga nan ƙwallayensu suka koma sito.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne rasit. Kuɗin wasanni da ake karɓa wajen rajista ɗaya ne ga ɗalibi da ɗaliba, amma ba inda aka rubuta nawa ya koma kan wa. A Amurka doka ta hana wannan duhu. Tun 1972 aka haramta bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, a 1994 kuma aka wajabta wa jami'o'i su riƙa bayyana, duk shekara, yawan 'yan wasan kowace ƙungiya, masu horarwa, albashinsu da abin da aka kashe. Ko wasan lakuros, wanda ake cafe ƙwallo da sanda mai 'yar raga a kai, maza goma a fili, mata sha biyu, kowa na iya duba alƙalumansa. Ba wai adalci ya tabbata a can ba. Sau da yawa giɓi alƙaluman ke nunawa. Amma giɓin da aka rubuta ana iya yin gardama a kansa. Na Daura, garin da tarihinsa ya fara da sarautar mata, ko suna ba shi da shi.

Bana, kafin ya liƙa komai, sai da ya rubuta kasafi gida biyu, ya sa masauki da ɗinki da alawus ɗin malama kowanne a layinsa, ya kai ofis ya karɓi kwafi mai hatimi. A bakin allo mai tsaron ragar bara ta same shi, ta rusuna ta gaishe shi.

“Malam, bana ma za a liƙa tamu?”

Ya miƙa mata biro. Ita ta fara rubuta suna.