Garin da ke ƙarƙashin ruwa a Mnemba

A arewa maso gabashin Zanzibar, cikin ƙasar Tanzaniya, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Mnemba. Tsibirin kansa bai taka kara ya karya ba. Abin da ke kai baƙi can shi ne tsaunin murjanin da ya kewaye shi a ƙarƙashin Tekun Indiya. Daga ƙauyen Matemwe muka shiga kwale-kwale mai inji zuwa wurin.

Kafin mu taɓa ruwa sai da mai koyarwa ya ɗaura wa kowa tukunyar iska a baya, ya ba mu gilashin ido da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa. Dokarsa ta farko: kada a riƙe numfashi. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu, don haka wanda ya taso da iska ƙunshe a ƙirji, iskar za ta kumbura ta ji wa huhunsa rauni. A can ƙasa kuma hannu ne baki. Ɗaga babban yatsa na nufin "mu hau sama". Mai son cewa "lafiya lau" sai ya haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Da muka nutsa, ba mu ƙara jin komai ba sai ƙarar numfashinmu. Murjani ya shimfiɗu kamar gari, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Kifaye na shiga da fita tamkar ranar kasuwa. Mun ga kifin aku yana gwaguyar murjani da bakinsa. Abin da yake kasayarwa na cikin farin yashin da ke bakin tekun.

Ƙannenmu ɗalibai, wannan "dutse" yana da rai. Ƙananan dabbobi ne ke gina shi, dangin murjanin da ake yin tsakiya da shi, ko da yake nau'in ya bambanta. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ke ba su abinci da launi. Idan ruwa ya yi ɗumi da yawa sai su kore ta, su yi fari fat, in zafin ya daɗe su mutu. Haka ta faru a wurare da dama na wannan teku a 1998.

Irin waɗannan tsaunuka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku na dogara da su, haka ma masuntan Matemwe. Wani murjanin santimita 1 kacal yake ƙaruwa a shekara, shi ya sa taku ɗaya na ganganci zai iya rusa ginin da ya girme mu. Saboda haka muka naɗe hannuwa a ƙirji, muka yi ta kallo har iskarmu ta yi ƙasa.