Ina Sauran Memorinmu Ya Shiga?

Da yawanmu sai mun daɗe muna adana kuɗin tara kafin mu iya sayen memori ko filash. A jikinsa an rubuta 16GB, amma da mun saka shi a kwamfuta sai Windows ta nuna wajen 14.9GB. Nan take wasu su ce mai shago ya cuce su.

Ba cuta ba ce, bambancin mudu ne. Wurin kamfanin da ya ƙera memorin, gigabait ɗaya bait 1,000,000,000 ne. Ita kuwa Windows da 1,024 take lissafi, nata gigabait ɗin bait 1,073,741,824 ne. Idan aka auna buhun gero da babban mudu, adadin mudun zai ragu, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba. Shi ya sa 32GB ke komawa 29.8GB.

Memorin jabu ne abin tsoro. Shi yakan nuna babban adadi, sannan ya cinye hotunanmu da aikin makaranta. Saboda haka mu yi lissafi kafin mu zargi kowa. Idan kuma mun sayi sabo, mu cika shi da bidiyo, mu buɗe su ɗaya bayan ɗaya, mu gani ko duk suna nan.