Haƙuri Da Haƙori: Abin Da Ya Same Ni A Watan Azumi

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, yau kaina zan kai ƙara gabanku, domin na yi wani kuskure wanda bai kamaci mai shekara hamsin da ɗoriya ba, balle wanda ya daɗe yana karantar da babin tsarki.

A goman tsakiya na azumin bara waccan, wani turmin haƙorina na ƙasa ya tasar mini. Dama ya daɗe da yin kogo, in na sha ruwan sanyi ya tsira mini, in ya lafa in manta da shi. Na cusa masa kanumfari, ya yi sauƙi kwana biyu, sa'an nan ya dawo da ƙarfinsa. Maiɗakina ta ce, "Malam, ka je asibiti mana." Na ce mata ciwo kaffara ne, a bari sai bayan Salla. Wani maƙwabcina ya kawo mini wani ruwa a 'yar kwalba, wai yana kashe tsutsar haƙori. Na ɗiga, dasashina ya saluɓe. A dare na shida kuncina ya kumbura har ƙarƙashin muƙamuƙi, zazzaɓi ya rufe ni, haɗiyar yawu ta gagara, sai a mota almajirai suka kai ni.

Likitan, wanda bai wuce sa'ar ɗana ba, ya fitar da mugunya, ya cire haƙorin, ya rubuta magani. Sa'an nan ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale a baki, su fitar da tsami mai cinye haƙori har ya kai ga jijiya. Irin wannan kumburi kuwa yana iya toshe maƙogwaro, mutum ya rasa ransa." Na rasa azumi huɗu da tafsirin mako guda, haƙorin da da ciko kawai zai wadatar da shi ya tafi ke nan.

Da na samu sauƙi na koma ga littattafai, sai kunya ta kama ni, don abin da na ƙi yi yana nan cikin abin da nake biya wa ɗalibai. Shehu Halilu a Muhtasar ya sanya maganin ruɓewar haƙora da rana cikin abubuwan da aka karhanta wa mai azumi, amma ya togace wanda ke tsoron cutuwa. Watau ni da nake fakewa da azumi, shari'a ta riga ta ba ni hanya. Haƙuri shi ne barin raki da fushi da hukuncin Allah. Ƙin neman magani alhali ga shi, wannan sakaci ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ran Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an karya masa haƙori, an yi masa rauni a fuska, Nana Faɗima ta wanke raunin, ta ƙona tabarma ta sa tokar har jini ya tsaya. Wa ya fi shi tawakkali?

Dubi kuma darajar haƙori a shari'a. Cikin Muwaɗɗa, diyyar haƙori ɗaya raƙuma 5 ce. Babban mutum kuwa haƙora 32 gare shi. Ɗan kasuwar da ba zai bar ɗinkin buhu ya warware ba, yaya zai bar dukiya irin wannan ta ruɓe a bakinsa? Magabata ba su raina wannan ilmi ba. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya zana ƙarafan kankare dattin haƙora cikin littafinsa Attasrif, ya kuma bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa.

To, ga abin da na koya, amana ce in isar. In fuska ta kumbura tare da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Kafin a ga likita, a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a sha farasitamol bisa ƙa'ida. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, kada a sa ruwan batir ko garin taba, ƙuna kawai suke ƙarawa. In babur ya ka da mutum haƙorin girma ya fita ɗungum, a riƙe shi ta kai, ba ta saiwa ba, a ɗauraye shi da madara ba tare da kankarewa ba, a mayar da shi gurbinsa. In hakan ya gagara, a tsoma shi cikin madara a kai wa likita kafin awa guda ta cika. Haƙorin yaro na fari, wanda zai yi famfara, shi kam ba a mayar da shi.

Amma rigakafi ya fi duk wannan sauƙi. Asuwaki mustahabbi ne wajen alwala, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa don gudun tsananta wa al'umma ne kawai ba a wajabta shi ga kowace salla ba. A mazhabarmu ya halatta ga mai azumi wuni zubur. A haɗa shi da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da kuma kafin barci. Ma'aikacin ofis mai shan shayi da sukari cokali huɗu, da mai shago mai tsotsar alewa tun safe, su rage. Dasashin da ke jini kullum, da kogon da bai fara zogi ba, a kai su ga likita tun kuɗin gyaransu bai taka kara ya karya ba.

Ni dai giɓina na nan yana tuna mini duk sa'ad da na ɗauki asuwaki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu amfana da abin da muka sani. Amin.