Zamanin da Hoto Yake Biyo Kai a Makare

Duk wanda ya yi wasa da tabaran VR a burauza wajen 2015 da 2016 ya san jiri. Ka waiga hagu, duniyar da ke cikin tabaran ta ɗan yi jinkiri, sannan ta biyo ka. Kunnen ciki ya riga ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an juya, ido kuma bai gani ba tukuna. Kafin ka ankara zufa ta keto, ciki ya fara juyawa. Mu da muke rubuta ƙananan manhajoji a lokacin, mukan cire tabaran mu zauna shiru har ƙasa ta daina lilo, sannan mu koma kan aiki.

A 2014 Vladimir Vukićević na Mozilla ya fara gwajin abin da aka sa wa suna WebVR, Brandon Jones kuma ya ɗauki ɓangaren Chrome a Google. Burinsu shi ne mutum ya buɗe shafin intanet kawai, ya tsinci kansa a cikin wani ɗaki ko wani gari. Sanin inda kai ya fuskanta bai ba su wuya ba, domin ma'aunin motsin da ke cikin tabaran Oculus Rift yana auna kai sau 1000 a kowane sakan. Wuyar tana wajen lokaci: wannan awon da aka miƙo maka, na yaushe ne?

Lissafin ba shi da sassauci. Tabaran Rift da Vive na 2016 suna sauya hoto sau 90 a sakan, wato milisakan 11 da ɗoriya ke gare ka ka tambayi matsayin kai, ka zana hoton ido biyu, ka miƙa. Tun 2013 John Carmack ya yi rubutu cewa tazarar da ke tsakanin motsin kai da hasken da ya isa ido tana bukatar ta tsaya ƙasa da milisakan 20. Burauza kuwa an gina ta ne don allon tebur mai sauyawa sau 60, ga ta da tarin hidimomin gabanta. Tana iya tsayawa shara a ma'ajiyarta daidai lokacin da kake juya kai.

Abin da ya fi cin mini lokaci shi ne agogo. Kowane awo yana zuwa da lambar lokacinsa, amma a WebVR 1.1 lambar tana farawa daga sifili ne lokacin da ka fara tambaya, ba daga inda agogon shafin ya fara ba. Sai ka jera su biyu a allo, layi bisa layi, kana cirewa kana ƙarawa, kana neman inda milisakan biyar suka salwanta. Ana cikin haka, a farkon 2018, aka bayyana wani raunin tsaro da ake kira Spectre, masu burauza suka rage kaifin agogonsu da gangan don kada ɓarayin bayanai su amfana da shi. Dalilinsu mai kyau ne, amma mu masu awo mun ji a jikinmu.

Maganin da ya yi aiki shi ne hasashe. Maharbi ba ya auna inda tsuntsu yake, inda zai kai yake auna. Haka na'urar take lissafa inda kanka zai kasance lokacin da hoton zai haska, ta ba ka wannan matsayin, sannan dab da nunawa ta ƙara karkata hoton da sabon awo.

WebXR, wanda ya gaji WebVR ya kuma shigo Chrome 79 a Disambar 2019, ya ɗaure wannan da doka. Matsayin kai yana zuwa ne manne da hoton da za ka zana, kuma da zarar an wuce wannan zagayen, ba ka da ikon sake tambayarsa. Wasu abokan aiki sun yi ƙorafi cewa an ɗaure musu hannu. Ni ban ga laifin ɗaurin ba. Sakin da muke da shi a da, na tambaya duk sa'ad da muka ga dama, shi ne ya sa mutane da yawa suka gwada tabaran sau ɗaya suka ce a kai kasuwa.