Kwana Biyar a Gidan Mama a Ƙasar Ayalan

A watan Janairu na 2025 na je wani ɗan gajeren kwas na malaman makaranta a Dablin, babban birnin Ayalan. Da aka gama, sai wani tsohon Fada na ƙungiyar SMA, wanda ya yi shekaru yana aiki a Filato, ya ce ba zan koma gida ba sai na ga ƙauyensu. Muka yi tafiyar wajen awa 3 a mota zuwa yamma, har lardin Mayo. Ƙauyen yana kusa da wani gari mai suna Nok. Kada masu karatu su zaci Nok tamu ta Kudancin Kaduna ce. Wannan Nok wurin ziyara ne na 'yan Katolika, gama a nan ne mutum 15 suka shaida cewa sun ga Maryamu a jikin bangon majami'a a shekara ta 1879.

Aka sauke ni a gidan yayar Fada, tsohuwa ce da ta kusa shekara 80. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuwa suna Ingila da Ostareliya. Ni Mama na ke ce mata, ita kuma Malam, kamar yadda ƙanenta ya koya mata.

Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. Namu busasshe ne, da ƙura da kaushi. Nasu jiƙaƙƙe ne, yayyafi da iska dare da rana, har ya shiga ƙashi. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 da rabi, kafin ƙarfe 5 kuwa ta faɗi. A murhu Mama tana ƙona wata baƙar ƙasa da a ke yankowa daga fadama, a busar da ita kamar tubali. Tun ran farko na fara gunaguni a zuciyata.

Ga yadda yininta ya ke. Da asuba, cikin duhu, ta kan durƙusa bakin murhu ta kwashe toka, ba ta kuwa tashi sai ta miƙa wa Ubangiji ranar. Sa'an nan ta ba kaji abinci, ta kwaɓa burodi. Ƙarfe 12 da ƙarfe 6 rediyon ƙasar ya kan kaɗa ƙararrawa ta minti ɗaya, al'adar da aka soma tun 1950, domin addu'ar tunawa da saƙon mala'ika ga Maryamu. Ko dankali ta ke ferewa sai ta ajiye wuƙa. Da dare ta ja carbinta, ta ambaci 'ya'ya da jikoki ɗaya ɗaya da sunansu. Wadansu cikinmu ba mu yin addu'a da carbi, amma kowa ya san uwa mai ƙirga 'ya'yanta gaban Allah.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane dare, kafin ta kwanta, ta kan rubuta abu 3 da ta gode wa Allah dominsu a wannan rana. Na tambaye ta ko ba a taɓa yin ranar da ta rasa abin rubutawa ba. Sai ta ɗauko wani tsoho daga cikin kabad, ta buɗe mini shafin ranar da aka binne mijinta. Kalma ɗaya ce kaɗai a ciki, wato shayi. Ta ce, "Malam, abin da na iya ke nan a ranar. Ban so in yi wa Allah ƙarya ba, ban kuma so in bar shafin haka nan ba."

Da asubar Jumma'a, 24 ga Janairu, babbar guguwar nan da aka sa wa suna Eyowin ta faɗa wa ƙasar. A gaɓar yamma gudun iskar ya wuce kilomita 180 a awa, gidaje da gonaki da wuraren sana'a fiye da 700,000 suka rasa wutar lantarki. Na kwana zaune, ina jin rufin ɗaki yana ƙara kamar za a ɗauke shi. Da gari ya waye muka tarar babu wuta, babu ruwan famfo, waya ba ta shiga. Rufin ɗakin kaji ya tafi. Babban itacen da mijinta ya dasa a shekarar aurensu yana kwance a ƙasa, saiwa a sama. Mama ta tsaya ta dafa shi ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Abin da ya fi damunta kuma, ba ta da hanyar gaya wa 'yarta ta Ostareliya cewa tana da rai.

Ni dai na kama abin da na iya. Na tari ruwan sama a bokiti, na gyara fitilar kananzir da ta yi shekaru a rataye, na aza tukunya a murhu. Da la'asar wani maƙwabci ya zo da tarakta da zarto, ya kuma yi alkawari zai je inda waya ke shiga ya aika da saƙo. Ƙarfe 6 ƙararrawa ta fito daga ƙaramin rediyo mai batir, Mama ta ajiye cokali kamar kullum.

Da dare ta jawo littafin kusa da fitila, ta rubuta, sa'an nan ta karanta mini. Na ɗaya, itacen ya faɗi wajen gona, bai faɗi kan gida ba. Na biyu, maƙwabci. Na uku, Allah ya aiko mata baƙo daga ƙasar da aka saba da ɗaukewar wuta. Muka yi dariya har Fada ya leƙo daga ɗakinsa.

Ran da zan tashi wuta ba ta dawo ba tukuna. Ran 1 ga Fabrairu su kan yi idin Birijid, tsarkakkiyar ƙasarsu, su saƙa gicciye da ciyawar fadama su rataye a bakin ƙofa. Mama ta ce tun da ba zan kai ranar ba, za ta saƙa nawa da wuri. Ta naɗe shi cikin jarida, ta haɗa mini da rabin burodi, ta ce in gai da uwargida da yara, in kuma rubuto mata sunayensu.