Sarauniyar Kyau Mai Farar Hular Nas

Mu da muka tashi a unguwar Laranto mun san wani irin maƙwabci da yanzu ya yi ƙaranci: Bayarabe haifaffen Arewa, wanda in ya buɗe baki da Hausa sai ka rantse Bakano ne. Da su ake cin kasuwar Katako, da su ake zaman suna da na makoki. Daga cikin irin waɗannan 'ya'yan Arewa Nijeriya ta samu sarauniyar kyau ta farko.

A Sabon Garin Kano aka haifi Grace Atinuke Oyelude a 1931, iyayenta mutanen Isanlu ne. Tana aiki da kamfanin UAC a Kano lokacin da jaridar Daily Times ta shirya gasar a 1957. Hoto aka fara aikawa, sannan aka kira waɗanda suka yi fice zuwa Ikko. Ita ta ciwo, aka ba ta fam 200, maƙudan kuɗi a wancan zamani.

Da ta so, da ta zauna a Ikko ana ta ɗaukar hotonta. Sai ta wuce Ingila koyon aikin jinya a Ashford, ta ƙara da na ungozoma, ta dawo gida. Ta yi aiki a babban asibitin Kaduna. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 ta koma asibitin Makurɗi, inda ake kula da waɗanda suka ji rauni. Daga baya ta shugabanci ma'aikatan jinya na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, har ta yi ritaya a 1985. Wannan ne ya sa nake ganin girmanta ƙwarai.

Duk wanda ya kwanta asibiti a waɗancan shekarun ya san nas ɗin lokacin. Farar riga ta sha sitaci da dutsen guga na gawayi, ɗan agogo maƙale a ƙirji, da shi take ƙirga bugun jini tana riƙe da wuyan hannunka. In babbar sista za ta zaga, ko zanen gado sai an ja shi ya miƙe. Akwai faɗa kam, amma allura ba ta wuce lokacinta, kuma tsohuwar da ba ta da mai jinya ba a barinta da yunwa.

A unguwarmu a wancan zamani, in yarinya ta samu shiga makarantar jinya ta Vom, har gida mata ke zuwa yi wa uwarta barka.