Tukunya Cikin Tukunya da Sauran Zancen Injiniyoyi

Malam, rage muryar rediyon nan. Alhaji, jawo kujerarka kusa, don maganar nan tamu ce, kada 'yan boko su ji su ce na raina musu karatu. Duk injiniyoyin da aka yi a Arewa, wanda ya fi burge ni bai taɓa gina gada ba, bai haɗa mota ba. Tukwane biyu ya haɗa da yashi.

Sunansa Mohammed Bah Abba, ya yi malanta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, nan Jigawa maƙwabtanmu, kuma asalin gidansu maginan tukwane ne. Abin da ya dame shi ba wanda bai san shi ba a cikinmu. Mai lambu ya tsinko tumatir da yalo, ba wuta ba firji, kwana biyu uku kaya sun yi laushi, ko ya karyar ko ya zubar. Wa ake ɗora wa tallan don kayan su ƙare da wuri? 'Yan mata, daidai lokacin da ya kamata a ce suna aji. Mu da an kawo mana wannan ƙorafi a majalisa, cewa za mu yi gwamnati ta kawo wuta, mu tashi. Shi kuwa sai ya duba me ke hannun mutanen ƙauye a yau, kuma nawa aljihunsu zai iya ɗauka. Ya tarar akwai yumɓu, akwai yashi, akwai magina.

Sai ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar, iska tana busar da shi, shi kuma ruwa ba ya bushewa sai ya kwashi zafi ya tafi da shi, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Yaya, na ga bakinka yana motsi, za ka ce ai abin da randa take yi wa ruwan sha ke nan tun zamanin kakanni. Haka ne. Amma duk tsawon zamanin nan wa ya ajiye yalo a randa? Daga 1995 zuwa 1997 bawan Allahn nan yana ta gwaji, a gyara, a sake gwadawa, kafin ya gamsu ya sa aka gina dubbai da kuɗin aljihunsa, ya rarraba a ƙauyukan Jigawa. Yalon da kan lalace a kwana 3 aka ce ya kai kwana 27. A 2000 ya karɓi kyautar Rolex, dabarar ta bazu har Sudan.

Tsakaninmu dai, tukunyar tana da lokacinta. Da bazara da hunturu, iska a bushe, tana aiki yadda ake so. Da damina ta kankama iska ta jiƙe, sai sanyin ya ja baya. Sannan tana son inuwa da wurin da iska ke kaɗawa, a kuma riƙa ba yashin ruwa safe da yamma, wanda a garin da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa shi ma kuɗi ne. Ni wannan bai rage mata daraja a idona ba. Na fi yarda da mai ƙirar da zai gaya maka inda kayansa suke gazawa.

Mu dawo gida. Kun tuna shekarun baya da Oxfam, da tallafin Tarayyar Turai, suka shigo Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa, har da Mashi da Dutsi, da maganar dashen bishiyoyi da murhu mai tsimin itace? Lissafin murhun ba wuya. Duwatsu uku suna barin harshen wuta ya watse ta ko'ina, iska ta ɗebe rabon tukunya. In ka kewaye wutar da yumɓu, zafin sai ya tattaru a gindin tukunyar. Wahalar tana wurin ƙofar iska: ta yi ƙanƙanta, hayaƙi ya turnuƙe madafi, ta yi faɗi, itace ya tafi kamar da. Daidai ɗin ba ya samuwa a takarda, sai an gina, an gasa, an hura, an fasa, an sake.

Kuma ko wa ya ƙera murhu, alƙalinsa uwargida ce. Ku tsaya ku kalli tuƙin tuwon gida mai mutum goma sha wani abu. Ta dafe tukunya da tsumma, ta kama muciya, tana juyawa da dukkan ƙarfin kafaɗarta, tukunya tana neman gocewa. Murhun da bai riƙe gindin tukunya gam ba a wannan lokacin, ko da itace ɗaya yake dafa abinci, gobe za ka gan shi a bayan ɗaki kaji sun samu wurin kwana. Ga mai girki da kara, dogo ne kuma yana ci da sauri, ƙofar tana ɗaukarsa? Ga tukunyar suna da ta biki. Ga hunturu, da yara ke kewaye wuta suna jin ɗumi, shi kuma murhun tsimi aikinsa ke nan ya hana zafi fita. Wanda bai zauna a madafi hayaƙi ya shiga idonsa ba, ina zai san waɗannan?

To yanzu ga manyan ayyuka sun zo mana har ƙofar gida. Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na Sin ya gina, a Disambar 2019 aka aza harsashinta. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, an ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal, ta Dambatta da Kazaure ya biyo mu nan Daura, ya wuce Mashi da Katsina da Jibiya. Jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, shi ya sa ake tara masa ƙasa tudu guda ya ratsa gonaki. Tudun nan kuwa zai tare ruwan damina in ba a sa kwalbati a inda ruwan ya saba bi ba, zai kuma yanke burtali in ba a bar wa dabbobi mashiga ba.

Alhaji, ɗanka da yake karatu a jami'ar nan, in ya zo hutu ka turo mana shi majalisa. Ina so ya tambayo mana malamansa yadda ake auna faɗin mashigar shanu a ƙarƙashin layin dogo, da kuma wa ake tambaya kafin a zaɓi wurinta, mai taswira ko makiyayin da ke kora garke zuwa kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi.